Kalmar “Encirclement” ta Ingilishi: Ma'anarta da Tarihin Amfani da Ita a Siyasar Duniya

1.0 Gabatarwa

Masu fassara labaran duniya daga Ingilishi zuwa Hausa sukan ci karo da wasu kalmomi waɗanda a ido ba su da wuya, amma suna ɗauke da kaya masu nauyi na tarihi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ita ce “encirclement”. Wanda ya buɗe ƙamus zai tarar an ce ma'anarta kewayewa, ko yin ƙawanya, ko yin zobe, kuma ƙamus bai yi kuskure ba. Sai dai tun daga shekarar 1906 kalmar ta shiga bakin shugabannin manyan ƙasashe, har aka kafa hujja da ita wajen shiga yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, aka kuma kafa hujja da ita wajen kashe 'yan ƙasa a cikin gida. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun kalmar, tun daga asalinta da danginta a harshen Ingilishi, zuwa ma'anarta a fagen fama, sa'an nan yadda ta zama kalmar siyasa a Jamus da Rasha da Japan. Daga ƙarshe za a dubi abin da wannan tarihi ya ɗora wa mai fassara ta zuwa Hausa.

2.0 Asalin Kalmar da Danginta

Ta fuskar ginin kalma, “encirclement” gaɓa uku ce. Akwai ɗafa-goshi “en-” mai nufin sanya abu a cikin wani abu, akwai saiwa “circle” watau da'ira, sa'an nan akwai ɗafa-ƙeya “-ment” da ke mai da aikatau ya zama suna. Ita “circle” ta shigo Ingilishi ta hanyar Faransanci, asalinta kuwa “circulus” ne na Latin, watau ƙaramin zobe. Ma'anar kalmar kai tsaye ke nan ita ce sanya abu a tsakiyar da'ira.

Ingilishi yana da wasu kalmomi masu kusantar wannan ma'ana, kuma kowace da hanyar da ta biyo. Kalmar “siege”, wadda ake amfani da ita idan mayaƙa sun tsare gari mai ganuwa, ta fito ne daga tsohon Faransanci, inda take nufin wurin zama. Tushenta “sedere” ne na Latin, watau zauna. Har yau “siège” a Faransanci tana nufin kujera. Hoton da ke cikin kalmar shi ne na rundunar da ta zo ta zauna a ƙofar gari, ba ta da niyyar tashi sai yunwa ta buɗe mata ƙofa. Daga wannan tushe ne kuma aka sami “obsidere” ta Latin, watau zama a gaban gari don tsare shi, wadda ta haifi “obsession” ta Ingilishi. Da farko ana amfani da wannan ne ga aljanin da ya addabi mutum daga waje bai shige shi ba, daga baya ta koma nufin tunanin da ya zaune wa mutum a zuci ya ƙi tashi.

Kalmar “beleaguer” kuwa daga harshen mutanen Holan aka aro ta a ƙarshen ƙarni na 16. A lokacin Holan tana yaƙin ƙwatar kai daga Sifen, yaƙin da aka fara a 1568, wanda galibinsa tsare garuruwa ne irin su Haarlem da Leiden da Antwerp. A 1585 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta aika da sojojin Ingila su taimaka wa Holan, kuma a wannan zamani ne kalmar ta bayyana a Ingilishi. Tushenta “leger” ne, watau sansani, saboda haka ma'anarta kafa sansani a kewayen gari. Daga wannan dangi ne aka sami “laager” ta Turawan Afirka ta Kudu, waɗanda sukan jera kekunan shanunsu su yi da'ira su shige ciki, kamar yadda suka yi a karonsu da Zulu a 1838. Daga baya aka riƙa siffanta gwamnatin wariyar launin fata da cewa tana da tunanin “laager”, watau tana ganin duniya duk abokan gaba ne.

Ita kuwa “surround”, wadda ta fi sauran yawo a bakin jama'a, asalinta ba shi da alaƙa da da'ira. Ta fito daga kalmar Latin mai nufin ambaliya, wadda a cikinta akwai “unda”, watau igiyar ruwa. Kunnen Bature ne ya ji “round” a ƙarshenta, ya ɗauka maganar kewaye ake yi, a hankali ma'anar ambaliya ta ɓace.

Abin lura a nan shi ne “siege” da “beleaguer” suna da gari da ganuwa da sansani, abubuwan da ido ke gani. “Encirclement” ba ta da ko ɗaya daga ciki, zane ne kawai na da'ira da ɗigo a tsakiya. Wannan rashin jiki shi ya ba ta damar tashi daga fagen fama ta koma kan taswirar duniya.

3.0 Ma'anarta a Fagen Fama

A wurin sojoji, “encirclement” tana nufin a zagaye rundunar abokan gaba a fili, a datse mata hanyar komawa da hanyar samun guzuri. Misalin da masana yaƙi na Turai suka fi ambata shi ne karon Cannae a ƙasar Italiya, shekara 216 kafin haihuwar Annabi Isa, inda Hannibal na Kartaj ya bar tsakiyar rundunarsa tana ja da baya da gangan, Rumawa suka kutsa, sa'an nan ɓangarorinsa biyu da dawakinsa suka rufe su ta gefe da ta baya. An kashe Rumawa dubun-dubata a yini ɗaya, alhali sun fi shi yawa. A Satumba 1870 sojojin Jamus suka yi wa na Faransa irin wannan zobe a Sedan, suka kama Sarki Napoleon na Uku tare da sojoji wajen 100,000.

A yaƙin duniya na biyu abin ya ƙara muni, domin rundunar zamani ba ta rayuwa sai da mai da harsashi da abinci masu zuwa kullum daga baya. A Satumba 1941 Jamusawa suka rufe sojojin Rasha a gabashin Kiev, suka ce sun kama fiye da 600,000. Ran 23 ga Nuwamba 1942 Rashawa suka rama, suka rufe Runduna ta Shida ta Jamus a Stalingrad. An yi alkawarin ciyar da ita ta jiragen sama, amma abin da ya riƙa isa bai kai rabin mafi ƙarancin bukatarta ba. Da aka miƙa wuya a farkon Fabrairu 1943, wajen mutum 91,000 aka kama, kuma waɗanda suka koma gida daga cikinsu bayan shekaru ba su wuce 6,000 ba. Jamusawa suna kiran irin wannan zobe “Kessel”, watau tukunya, Ingilishi kuwa yana kiransa “pocket”, watau aljihu.

A wannan ma'ana kalmar ba ta da gardama. Ko dai an rufe zoben ko ba a rufe ba, kuma na ciki da na waje duk sun san gaskiyar lamarin. Darasin da kowane hafsa ya haddace shi ne wanda ya ga za a rufe shi kada ya jira, ya fasa zoben tun bai ƙulle ba. Wannan darasi ne ya bi kalmar zuwa fagen siyasa, kuma a can ya yi ɓarna.

4.0 Jamus: Daga 1871 zuwa 1914

Tsoron a kewaye ƙasa ya girmi kalmar. A ƙarni na 16 da na 17 sarakunan Faransa sun yi ta fama da ganin gidan sarautar Habsburg yana mulkin Sifen a kudu da su, da ƙasashen Holan a arewa, da wasu yankuna a gabas. A yaƙin 1756 zuwa 1763 Sarki Frederick na Furushiya ya fuskanci Ostiriya da Faransa da Rasha a lokaci ɗaya, da ƙyar ya sha. Amma ma'anar siyasa ta “encirclement” a Ingilishi fassara ce ta kalmar Jamusanci “Einkreisung”, wadda gininta daidai yake da nata: “ein” ciki, “Kreis” da'ira.

Sa'ad da aka haɗa Jamus ta zama daula ɗaya a 1871, ta sami kanta a tsakiyar Turai, Faransa a yamma tana jin zafin ƙwace mata Alsace da Lorraine, Rasha kuwa a gabas. Babban Waziri Bismarck ya san haɗarin wannan zama, har a 1877 ya ambaci cewa ƙawancen ƙasashe a kan Jamus shi ne mugun mafarkinsa. Maganin da ya yi shi ne ya riga kowa ƙulla zumunci: da Ostiriya a 1879, aka ƙara Italiya a 1882, sa'an nan wata yarjejeniya ta asiri da Rasha a 1887. Da Sarki Wilhelm na Biyu ya sallame shi a 1890, sai aka ƙi sabunta yarjejeniyar Rasha. Faransa ba ta yi sanya ba, ta shiga ba Rasha rance, kuma zuwa 1894 ƙawancen soja ya tabbata a tsakaninsu.

Ingila ta saura a gefe. Amma daga 1898 Jamus ta fara gina manyan jiragen ruwa na yaƙi a ƙarƙashin Tirpitz, abin da Ingila ta ɗauka da ita ake, tun da rayuwarta a kan teku take. Ran 8 ga Afrilu 1904 Ingila da Faransa suka sasanta rigingimunsu na mulkin mallaka: Faransa ta bar wa Ingila Masar, Ingila ta bar wa Faransa Maroko. Wannan sulhu ya taɓa ƙasar Hausa kai tsaye, domin a cikinsa ne Ingila ta yarda a ja iyakar da aka zana a 1898 zuwa kudu, don Faransa ta sami hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram da Tafkin Chadi, ita kuwa Faransa ta saki wasu haƙƙoƙinta na kamun kifi a gaɓar Newfoundland. An ƙarasa gyaran iyakar da wata yarjejeniya a 1906. Ashe ke nan takardar da Jamusawa suka ɗauka rabin zobe ce a wuyansu tana cikin takardun da suka tsara iyakar Nijeriya da Nijar.

Jamus ta yi niyyar raba wannan sabuwar abuta tun tana ɗanya. A ƙarshen Maris 1905 Wilhelm ya sauka a Tanja, ya nuna goyon bayansa ga 'yancin Sarkin Maroko, aka tilasta kiran taron ƙasashe a Algeciras a 1906. A wurin taron Ostiriya kaɗai ta tsaya wa Jamus daga cikin manyan ƙasashe. Daɗin daɗawa, a cikin wannan rikici ne hafsoshin Ingila da na Faransa suka fara shawarwari a asirce a kan yadda za su taimaki juna in yaƙi ya tashi.

Bayan wannan kaye ne Babban Waziri Bülow ya yi jawabi a Majalisar Dokokin Jamus ran 14 ga Nuwamba 1906. Ya yi gargaɗi cewa duk wata siyasa da ta nufi yi wa Jamus zobe don a ware ta a gurgunta ta, haɗari ce ga zaman lafiyar Turai, domin ba a ƙulla zobe sai da matsi, matsi kuwa yana jawo turjiya, daga nan abu yakan fashe. Daga wannan jawabi kalmar ta bazu a jaridun Jamus, jaridun Ingila kuma suka riƙa fassara ta da “encirclement”. Da Ingila da Rasha suka sasanta a kan Farisa da Afganistan da Tibet a Agusta 1907, sai Jamusawa da yawa suka ce magana ta fito. Suka ɗora laifin a kan Sarki Edward na Bakwai na Ingila, kawun Wilhelm, musamman bayan ya gana da Sarkin Rasha a Reval a 1908.

A Landan ba haka ake kallon lamarin ba. A wata takarda da Eyre Crowe na ma'aikatar harkokin waje ya rubuta a Janairu 1907, ya bayyana cewa al'adar Ingila ce ta tsaya tare da sauran ƙasashe a kan duk wadda ta nemi danne Turai ita kaɗai. Abin da Barlin ta kira zobe, Landan ta kira shi daidaita ƙarfi.

Kalmar ta yi aiki mafi girma a ofishin hafsoshin Jamus. Schlieffen, shugabansu har zuwa ƙarshen 1905, mutum ne da yaƙin Cannae ya shiga ransa, har ya yi dogon rubutu a kansa. Shirin da ya bari, wanda magajinsa Moltke ya gyara, shi ne in yaƙi ya tashi a fara da Faransa, a bi ta Beljiyam a yi wa rundunarta zobe cikin 'yan makonni, sa'an nan a juya kan Rasha tun ba ta gama tattara sojojinta ba. Watau maganin zobe shi ne a riga yi wa wani zobe. Da Rasha ta shiga ƙara yawan sojojinta da shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa zuwa iyakar yamma da kuɗin Faransa, sai hafsoshin suka ƙudurta cewa lokaci yana ƙure musu. A wani taro da Sarki ya kira ran 8 ga Disamba 1912, Moltke ya ce in dai yaƙin ba makawa, gara a yi shi da wuri.

A ƙarshen Yuli 1914, ana tsakiyar rikicin da ya biyo bayan kashe yariman Ostiriya a Sarajevo, Wilhelm ya rubuta a gefen wata takarda cewa zoben ya tabbata, kuma Edward da ya mutu tun 1910 ya fi shi ƙarfi, shi da ke raye. Amma har wannan lokaci babu yarjejeniyar da ta wajabta wa Ingila shiga yaƙi domin Faransa, kuma majalisar ministocinta a rabe take. Ketawar da sojojin Jamus suka yi ta Beljiyam, ƙasar da manyan dauloli suka lamunce wa zaman 'yan-ba-ruwanmu tun 1839, ita ce ta haɗa kan Ingila ta shiga yaƙi ran 4 ga Agusta. Garin gudun gara aka faɗa gidan zago: shirin fasa zoben shi ya ƙulle shi.

5.0 Gardamar Masana Tarihi

Bayan yaƙi, sashe na 231 na yarjejeniyar Versailles ta 1919 ya ɗora wa Jamus da ƙawayenta alhakin ɓarnar da aka yi. Gwamnatin Jamus ta kafa ofishi na musamman don musanta wannan, ta kuma buga takardun ma'aikatar harkokin wajenta cikin juzu'i 40 tsakanin 1922 da 1927. Jigon hujjarta shi ne an yi mata zobe ne, ta kare kanta. A 1961 masanin tarihi Fritz Fischer na Hamburg ya fito da littafin da ya girgiza wannan ra'ayi, inda ya nuna daga takardun hukuma cewa shugabannin Jamus suna da burin faɗaɗa mulki kuma sun shiga rikicin 1914 da saninsu. Wasu masanan Jamus suka riƙa amfani da kishiyar kalmar, “Auskreisung”, watau fitar da kai daga da'ira, suna nufin Jamus ce ta mai da kanta saniyar ware da halayenta. Gardamar ba ta mutu ba. A 2012 Christopher Clark ya sake jawo hankali ga rabon Rasha da Faransa da Sabiya a cikin laifin.

Abin da za a iya tsayawa a kansa shi ne ɓangarorin biyu kowanne yana da abin nunawa. Ƙawancen Faransa da Rasha na soja ne, kuma da Jamus ake. Amma jiragen Tirpitz da barazanar Tanja ta 1905 da ta Agadir ta 1911 su suka mai da sulhun mulkin mallaka ya zama kusan ƙawancen yaƙi. Masana siyasar duniya, tun daga John Herz a 1950, sun bayyana wannan tarko: duk abin da ƙasa ta yi don ta sami aminci yana rage wa maƙwabciyarta aminci, ita ma sai ta ɗauki mataki, tsoro ya yi ta haihuwar tsoro.

6.0 Bazuwar Kalmar Bayan 1919

Hitler ya gaji kalmar a shirye. Ran 15 ga Maris 1939 ya mamaye Prague, bayan ya yi alkawari cewa ba shi da sauran bukata. Ran 31 ga wata Ingila ta lamunce wa Folan kariya. Kashegari, a jawabinsa na Wilhelmshaven, ya zargi Ingila da komawa ga siyasar zobe irin ta kafin 1914, kuma ran 28 ga Afrilu ya kafa hujja da wannan ya soke yarjejeniyar jiragen ruwa ta 1935 da Ingila, da ta rashin kai hari ta 1934 da Folan. Ingila tana kiran abin da take haɗawa sahun zaman lafiya. A nan ba a bukatar dogon bincike, domin mai kukan an kewaye shi shi ne ya haɗiye ƙasashe biyu cikin shekara guda. Laifi tudu ne, in ji Hausawa.

A Tarayyar Sobiyet kalmar ta zo da siffa, ana cewa “capitalist encirclement” a fassarar Ingilishi, watau zoben 'yan jari-hujja. Tana da tushe, domin daga 1918 sojojin Ingila da Faransa da Amurka da Japan sun shiga ƙasar suna taimakon masu yaƙi da sabuwar gwamnati. Amma Stalin ya juya ta ciki. A Maris 1937 ya shaida wa kwamitin tsakiya na jam'iyya cewa muddin zoben yana nan, 'yan leƙen asiri da masu zagon ƙasa ba za su ƙare a cikin gida ba. A 1937 da 1938, bisa ga takardun hukumar kanta, an yanke wa mutum fiye da 680,000 hukuncin kisa. A taron jam'iyya na 1939 ya sake kafa hujja da zoben don bayyana abin da ya sa hukuma ba za ta narke ba kamar yadda aƙidarsu ta yi hasashe.

A Fabrairu 1946 George Kennan, jami'in jakadancin Amurka a Mosko, ya aika da doguwar waya zuwa Washington yana bayyana wannan tunani na shugabannin Sobiyet. A 1947 ya ba da shawarar abin da ya kira “containment”, watau killacewa. Aka kafa ƙungiyar NATO a 1949, da ta kudu maso gabashin Asiya a 1954, da ta Bagadaza a 1955. Wanda ya dubi taswira zai ga da'ira ɗaya ce, na waje suna kiranta killacewa, na ciki suna kiranta zobe. Sai a 1959 Khrushchev ya bayyana a taron jam'iyya cewa zoben 'yan jari-hujja ya kau.

Japan ma ta yi nata kukan. A Yuli 1941 sojojinta suka shiga kudancin Indochina, Amurka ta riƙe dukiyar Japan da ke hannunta, ta kuma hana sayar mata da mai, alhali wajen kashi 80 cikin 100 na man Japan daga Amurka yake zuwa. Ingila da hukumar Holan ta tsibiran Indonesiya suka bi sahu. Jaridun Japan suka kira wannan zoben ABCD, daga haruffan farko na sunayen Amurka da Birtaniya da Sin da Holan a Ingilishi. Ba a cika ambaton cewa tun 1937 Japan take yaƙi a cikin ƙasar Sin ba. Ran 7 ga Disamba 1941 aka kai hari Pearl Harbor da sunan fasa zobe.

Kalmar ba ta tsufa ba. Bayan shigar Folan da Hangari da Cek cikin NATO a 1999, da ƙasashen Baltik a 2004, shugabannin Rasha sun yi ta kukan ana matso musu, kuma wannan yana cikin hujjojin da suka bayar na mamaye Yukiren a Fabrairu 2022. Sakamakon ya yi kama da na 1914: Finlan, mai iyakar fiye da kilomita 1,300 da Rasha, ta shiga NATO a 2023, Suwidin ta biyo ta a 2024.

7.0 Matsalar Fassara zuwa Hausa

Hausa ba ta rasa kalmomi a wannan fage ba. Akwai “kewaye” da “zagaye”, akwai “yi wa ƙawanya” da “yi wa zobe”, akwai “ritsa” da “tsare” da “datse hanya”. Ga ma'anar soja, “ƙawanya” da “zobe” sun wadatar, domin suna ɗauke da hoton da'irar da ta rufe. Inda ake bukatar hattara shi ne ma'anar siyasa.

Tarihin da aka bi a sama ya nuna cewa a siyasa kalmar tana fitowa ne daga bakin karɓau, ba a jin ta daga bakin aikau. Ba a saba jin gwamnati ta kira siyasarta da wannan suna ba. Takan ce daidaita ƙarfi, ko kare kai, ko killacewa. Saboda haka kalmar ƙara ce da wani ya shigar, tana ɗauke da da'awa uku: cewa maƙwabta sun haɗa baki, cewa da mugun nufi suka haɗa, da kuma cewa lokaci yana ƙurewa. Mai fassarar da ya rubuta “ƙawanyar da aka yi wa ƙasa kaza” ya riga ya yanke hukunci a kan shari'ar da masana suka yi fiye da shekara 100 suna yi. Abin da ya fi dacewa shi ne a jingina maganar ga mai ita, a ce “abin da ƙasa kaza ta kira ƙawanya”, ko “zargin da take yi cewa ana yi mata ƙawanya”.

Haka nan kuma akwai maganar Hausa da ta fi “ƙawanya” kama ruhin ma'anar siyasa, watau “taron dangi”. Wanda ya ce an yi masa taron dangi yana kuka ne, yana kuma neman a tausaya masa, kuma Bahaushe da ya ji wannan ya san akwai sauran bayani a bakin dangin. Ya kamata kuma a bambanta ta da “takunkumi”, wanda ya fi dacewa da hana ciniki da datse tashoshin ruwa, da “saniyar ware”, wadda ke nufin ƙauracewa ba tare da barazanar yaƙi ba.

8.0 Kammalawa

An ga yadda kalma mai nufin sanya abu a tsakiyar da'ira ta zama sunan dabarar yaƙi, sa'an nan ta hanyar fassara daga Jamusanci ta zama kalmar siyasa bayan 1906. An kuma ga cewa wani lokaci zoben yana da gaskiya, wani lokaci ƙirƙira ne, galibi kuwa gaskiya ce da aka gauraya da ƙari. Haɗarinta shi ne ta taho da darasin fagen fama, cewa wanda za a rufe ya riga kai hari, zuwa wurin da ake da sauran damar magana da sulhu. Jamus a 1914 da Japan a 1941 sun bi wannan darasi, kuma kowacensu ta ƙare a cikin zoben soja na haƙiƙa, wanda ya fi wanda ta yi kuka da shi ƙunci. Ga malamin tarihi da mai fassara, tambayoyin da suka wajaba duk sa'ad da kalmar ta bayyana su ne wa ya faɗe ta, me ya aikata kafin ya faɗa, kuma me yake neman izinin aikatawa da ita.